Tsibirin Gore da 'Yan Yawon Buɗe Ido: Riba ko Hasara?

Gore ƙaramin tsibiri ne a Tekun Atilantika, daura da Dakar, babban birnin ƙasar Senegal. Tsawonsa kimanin mita 900 ne, faɗinsa kuwa bai wuce mita 350 ba, don haka mai tafiya a ƙasa yana iya ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan cikin ƙasa da rabin sa'a. Mota ba ta yawo a cikinsa, sai dai a bi lunguna da ƙafa. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum 1,680 ne ke zaune a kansa. Jirgin fito yakan taso daga tashar jiragen ruwa ta Dakar sau da yawa a rana, ya kai fasinja cikin kamar minti 20. Duk da ƙanƙantarsa, Gore na cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Senegal, kuma yana cikin wurare 12 na farko da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1978.

Cikin Turawa, 'yan Fotugal ne suka fara isa tsibirin a 1444. Daga baya ya faɗa hannun mutanen Holan, Faransawa suka ƙwace shi a 1677, Ingilishi suka karɓe shi fiye da sau ɗaya, sannan ya koma hannun Faransa a 1817 ya zauna har Senegal ta sami 'yancin kai a 1960. Abin da ya jawo wannan kokawa shi ne gaɓa mai kwanciyar ruwa inda jirage ke iya tsayawa, da tudun dutse mai sauƙin tsaro. An yi fataucin ƙaro da ƙiraga da kakin zuma da hauren giwa a wurin, an kuma yi cinikin bayi. Faransa ta haramta bauta a yankunanta a 1848, da aka kafa Dakar a 1857 kuma sai kasuwa ta ƙaura can, jama'ar tsibirin suka yi ta raguwa.

Wurin da ya fi jan baƙi shi ne Gidan Bayi, wani gida mai bene da iyalin Pépin suka gina a ƙarshen ƙarni na 18. A ƙasansa akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, ga matakala biyu masu lanƙwasa da ke hawa sama, a tsakaninsu kuma wata siririyar hanya ta miƙe zuwa ƙofa mai kallon teku, wadda ake kira Ƙofar Tafiya Ba Dawowa. An mayar da gidan wurin tarihi a 1962. A arewacin tsibirin akwai ganuwar Estrées mai siffar da'ira, ginin shekarun 1850, wadda yanzu gidan tarihin Senegal ke cikinta. A kudu akwai tudun Kastel da manyan igwoyin Faransawa, a gindinsa kuma ga masallacin dutse na ƙarshen ƙarni na 19, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar. Akwai coci na 1830, da gidan tarihin teku, da makarantar kwana ta 'yan mata mai sunan marubuciya Mariama Bâ, da 'yar gaɓar yashi kusa da inda jirgi ke tsayawa.

Takaddamar da ake yi a kan Gore ta shafi yadda aka mayar da waɗannan wurare abin kallon baƙi. Wasu na ganin hakan ne ya ceci tsibirin ya kuma ba duniya wurin tunawa da bauta. Wasu na ganin an gina kasuwar ne a kan labarin da aka zuzuta, kuma mazauna wurin da gine-ginensa ba su ci moriyarta yadda ya kamata ba.

Hujjar masu goyon baya

Hujjarsu ta farko ta abinci ce. Gore ba shi da gonaki, ba shi da masana'anta, ko ruwan sha ma daga Dakar ake turo shi ta bututu. In aka cire ɗan kamun kifi da aikin gwamnati, sauran abin da mutane ke samu daga baƙo yake fitowa: masu yi wa baƙi jagora, masu gidajen abinci a bakin tasha, masu ɗakunan kwana, mata masu sayar da duwatsun wuya da atamfa, masu zane da yashi mai launi, da masu zanen da suka baje kolinsu a hanyar hawa Kastel. Kuɗin jirgin ma an tsara shi hawa-hawa, mazaunin tsibirin ya fi kowa samun rangwame, baƙon da ya fito daga wajen Afirka ya fi kowa biya. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka hana baƙi shiga na tsawon watanni, sana'o'in tsibirin suka tsaya cik. A ganinsu wannan ya isa amsa ga duk mai son a rage baƙi.

Hujja ta biyu ta gine-gine ce. Gidajen Gore na dutse ne da farar ƙasa da katako, iskar teku mai gishiri kuma ba ta barin irin wannan gini ya huta. Tun 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta ayyana tsibirin a matsayin wurin tarihi, abin da ya taƙaita sababbin gine-gine, amma doka kaɗai ba ta gyara rufi. Shaharar wurin ce ta sa UNESCO ta ƙaddamar da gangamin ceto shi a 1980, a zamanin shugabancin Amadou-Mahtar M'Bow, wanda ɗan Senegal ne, ta kuma sa ƙasashe da ƙungiyoyi suka sa hannu a gyaran wasu gidaje. Da ba a zuwa kallonsa, in ji su, da wuya wani ya kashe ko sisi a kan tsohon gidan attajiri a tsibirin da kasuwa ta bar shi shekaru fiye da 150 da suka wuce.

Hujja ta uku ita ce ta fi musu nauyi. Cinikin bayi ta Tekun Atilantika ya ɗauki ƙarni kusan huɗu, amma galibin wuraren da aka tsare mutane kafin a loda su rumfuna ne na itace da ciyawa, sun ruɓe ba su bar alama ba. Jikokin waɗanda aka kwashe, daga Amurka da Birazil da tsibiran Karebiyan, ba su san garin kakanninsu ba, suna bukatar wurin da za su tsaya su yi juyayi. Gani ya kori ji, kuma yaron makarantar Dakar da aka shigar ɗakin duhu aka nuna masa mari da sarƙa ya fi riƙe darasin a kan wanda aka karanta wa a aji. A Gore ne Fafaroma John Paul na Biyu ya nemi gafara a 1992, shugaban Birazil Lula ma ya yi haka a 2005. Nelson Mandela ya ziyarci Gidan Bayi a 1991, shugabannin Amurka uku kuma suka biyo baya: Bill Clinton a 1998, George W. Bush a 2003, Barack Obama a 2013.

Martanin masu suka

Masu suka sun fi kai hari kan labarin da ake ba baƙi. Wanda ya ɗaukaka sunan Gidan Bayi shi ne Boubacar Joseph Ndiaye, tsohon sojan Faransa a yaƙin duniya na biyu, wanda ya kula da gidan tun daga 1962 har rasuwarsa a 2009. Mutum ne mai baiwar magana, kuma bayaninsa ne ya dasa wa duniya tunanin cewa miliyoyin mutane sun fita ta wannan tsibiri, da yawansu ta wannan ƙofa. Masana tarihi da suka bi takardun jiragen ruwa ba su sami abin da ya yi kusa da haka ba. Philip Curtin, wanda ya fitar da littafin ƙidayar cinikin bayi a 1969, ya kiyasta cewa 'yan ɗaruruwa ne ake fitarwa daga Gore a shekara. Babban kundin da masana suka haɗa daga bayanan dubban tafiye-tafiyen jirage ya nuna an loda kimanin mutum miliyan 12.5 daga Afirka baki ɗaya. Kusan rabinsu daga yankin Angola da Kwango suka fito, yankin Senegal da Gambiya gaba ɗayansa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, rabon Gore kuwa dubbai ne masu yawa, amma nesa da miliyan.

Gidan kansa ma akwai magana a kai. An gina shi ne a ƙarshen zamanin cinikin, kuma gidan zama ne na iyali masu hali daga cikin Sinyar, wato matan nan attajirai masu jinin Afirka da na Turai da suka mallaki gidaje da bayi a Gore da Saint-Louis. Masu suka na cewa ɗakunan ƙasa sun fi kama da rumbunan kaya da makwancin bayin gida. Bayan ƙofar kuma duwatsu ne da igiyar ruwa ke duka, wurin da ba a jingina jirgi, alhali ga tasha mai kyau a 'yar tazara kaɗan. Tsibirin da ruwan sha ke wahala a cikinsa kuwa ba zai iya riƙe dubban ɗaurarru a lokaci guda ba. Wannan bahasi ya fito fili a 1996, sa'ad da jaridar Le Monde ta Faransa ta buga rahoton da ya kira labarin gidan tatsuniya, abin da ya harzuƙa mutane da yawa a Senegal har aka kira taron masana a tsibirin a 1997.

A ganin masu suka, illar zuzutawar biyu ce. Ta farko, tana ba masu son musanta girman bauta makami, domin wanda ya kama ka da ƙari a lissafi ɗaya zai jefa shakku a kan sauran. Ta biyu, tana karkatar da ido daga tashoshin da suka fi ɗaukar mutane, irin su Luwanda da Wida da Boni da Ikko. Wannan batu ya shafi tarihin Hausawa kai tsaye: Hausawan da aka tsallaka da su Birazil a farkon ƙarni na 19, waɗanda suka shirya bore a Bahiya a 1807, ta gaɓar Ikko da Badagiri da Wida aka fi fitar da su, hanyarsu ba ta bi ta Gore ba.

Abin da masu goyon baya suka mayar

Yawancin masu kare tsibirin a yau ba sa tsayawa kan adadin miliyoyi. Abin da suke cewa shi ne wurin tunawa ba a auna shi da ƙidaya. An tsare mutane a Gore, an sayar da su, an loda su a jirgi, kuma ko mutum dubu ɗaya ne aka yi wa haka, wurin ya cancanci a tsaya a kai. Suna ƙara da cewa takardun da ake lissafi da su Turawan da suka yi cinikin ne suka rubuta, ba su ƙunshi fasa-ƙwauri ba, ba su kuma ƙirga waɗanda suka mutu a hanya kafin a kai gaɓa. Wasu ma na jin zafin yadda masana daga ƙasashen da suka ci ribar bauta ke zuwa su gaya wa 'yan Afirka inda ya dace su yi kuka.

Suna kuma da wata hujja ta zahiri. Dakar na da babban filin jirgin sama da masaukai, tafiya zuwa Gore gajera ce, gidajen kuma suna tsaye. Yawancin tashoshin da suka fi shi girma a tarihi ba su da gini irin wannan da za a nuna. Da babu gara ba daɗi, in ji su, kuma baƙon da Gore ya taɓa zuciyarsa shi ne zai nemi sanin Luwanda da Wida daga baya.

Ƙorafi na biyu: kasuwa da mazauna

Ko da an ajiye batun tarihi, masu suka na da sauran magana. Baƙo yakan fito daga ɗakin da aka ce an cusa yara a ciki, taku kaɗan sai ya faɗa hannun masu tallar tsaraba, daga nan sai gidan abinci da wanka a bakin teku. Wasu na tsayawa a bakin ƙofar suna ɗaukar hoto da murmushi. Masu suka na ganin wannan cakuɗa ta juyayi da shaƙatawa tana zubar da ƙimar wurin.

Sai batun inda kuɗin ke tafiya. Galibin baƙi wuni ɗaya suke yi, ko ma rabin wuni. Suna kwana a Dakar, kamfanin da ya kawo su na Dakar ne ko na Turai, da yawa daga masu sayar da kaya ma da jirgin safe suke zuwa su koma da na yamma. Tsibirin kuma shi ke kwana da sharar da aka bari. Gidajen da aka gyara suka yi kyau, da dama na masu kuɗi ne da ba sa zama a ciki sai lokacin hutu, yayin da iyalai marasa ƙarfi ke zaune a tsofaffin gine-ginen gwamnati da suka tsattsage. Tsohuwar fadar gwamna kango ce, teku kuma na cin gaɓa har yana barazana ga masallacin da wasu gine-ginen bakin ruwa. Idan baƙi ne ke ceton gine-gine, in ji masu suka, to shekaru fiye da 40 bayan shiga jerin UNESCO bai kamata a ga haka ba. Sukan kuma tuna ziyarar Bush ta 2003, lokacin da jaridu suka ruwaito cewa an tattara mazauna tsibirin a filin ƙwallo saboda tsaro har baƙon ya tafi.

Akwai kuma tarihin da Gidan Bayi ya danne. A Gore aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatan Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa a 1914. A nan ne makarantar William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930, tana horar da malamai da ma'aikata ga dukkan yankunan Faransa na Afirka ta Yamma. Félix Houphouët-Boigny da Modibo Keïta sun yi karatu a cikinta, haka ma Boubou Hama da Diori Hamani na Nijar. Baƙi kaɗan ne ke tsayawa a gaban wannan gini, kuma gidan tarihin da ke ganuwar Estrées, duk da ya fi faɗin bayani, ba ya samun cunkoson da Gidan Bayi ke samu.

Tace hujjojin

Da an rarrabe maganganun, za a ga tambayoyi uku ne aka cusa a buhu ɗaya, kuma ƙarfin hujja bai zo daidai a kansu ba.

A kan adadi, masu suka ne ke da gaskiya. Giɓin da ke cikin takardun jirage na iya ƙara lissafi da wani kaso, amma ba zai mayar da dubbai miliyoyi ba, kuma babu wani bincike da ya tabbatar da manyan alƙaluman da aka daɗe ana faɗa wa baƙi. Zargin cewa masu lissafin baƙi ne shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba, domin akwai masana 'yan Senegal a cikin masu gyara labarin. Sai dai kalmar tatsuniya ta wuce gona da iri. Bauta ta yi katutu a Gore: a ƙarni na 18 bayi ne suka fi yawa a cikin mazaunansa, suna aikin gini da tuƙin jirgi da hidimar gida, kuma haƙar kayan tarihi da masani Ibrahima Thiaw ya jagoranta a tsibirin ta mai da hankali ne kan rayuwar irin waɗannan mutane. Wannan labari ya fi wuyar faɗa, saboda iyayengijin ba Turawa kaɗai ba ne, har da haifaffun wurin. Mai yiwuwa shi ya sa ba a cika jin sa a bakin masu jagora ba, ko da yake shi ne ya fi tushe.

A kan matsayin Gore na wurin tunawa, hujjar masu goyon baya ta fi nauyi. Abin da ya faru a can ya isa dalili, kuma ziyarar shekaru fiye da 60 ta riga ta ba wurin wata ma'ana da ba za a kankare ba. Babu kuma wata shaida da ke nuna cewa faɗin adadi na gaskiya zai kori baƙi: takaddamar ta fito fili tun 1996, jirgin fito bai daina cika ba. Wannan ya raunana tsoron da wasu ke yi cewa gyara labari zai kashe kasuwa, ya kuma raunana fatan masu ganin cewa tona asirin lissafi zai rage wa gidan farin jini.

Tambaya ta uku ce ba ta da amsa a bayyane. Gaskiya ne tsibirin ba shi da wata madogara in ba baƙi ba, gaskiya ne kuma kangaye da zaizayar gaɓa suna nan duk da yawan baƙin. Ɓangare ɗaya zai ce da babu baƙi da lalacewar ta fi haka, ɗayan ya ce kuɗin na shigowa amma ba ya tsayawa, kuma duka biyun suna iya zama daidai. Rage yawan masu shiga zai sauƙaƙa wa gine-gine ya ƙuntata wa mai talla. Ƙara kuɗin jirgi zai kawo abin gyara, amma zai fi hana ɗan Afirka zuwa a kan Bature. Jawo baƙi su kwana zai bar kuɗi a tsibirin, ya kuma ƙara tsadar gidaje ga mazauna. Zaɓi tsakanin waɗannan yana hannun gwamnatin Senegal da majalisar ƙaramar hukumar Gore, wadda a 2020 ta nuna tana iya taɓa abin da aka saba, lokacin da ta sauya sunan Dandalin Turai zuwa Dandalin 'Yanci da Mutuncin Ɗan Adam.

Wanda ya sami zuwa tsibirin zai fi amfana in ya shiga Gidan Bayi ya saurari mai jagora, sannan ya ƙarasa gidan tarihin ganuwar Estrées ya kwatanta abin da ya ji da abin da aka rubuta. Tsakanin wuraren biyu tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa.